Ƙanen da Babu Shi a Kaset

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma na san sojoji ne ke mulki, kuma kuɗin mai bai gama ƙafewa a hannun 'yan kasuwa ba. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na samu aiki a sakatariya, ina zaune a wani ɗaki a gidan kawuna a unguwar Runjin Sambo. Kawu atamfa da shadda yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma shi ya fara ajiye talabijin a zaure a layinmu. Duk Asabar bayan la'asar akan nuna wani shirin Turawa, na wasu mutane da duniyarsu ta bushe, suka ɗebi irin shuka suka shiga wani ƙaton jirgi, suna yawo tsakanin taurari suna neman ƙasar da za su noma. Sunansa na Turanci bai zauna a bakin kowa ba. 'Yan Sama muke ce masa.

Aikina a zauren fassara ne. Wurina a gaba yake, dab da akwatin. Da Bature ya buɗe baki sai a ce, “Ɗan boko, mi yac ce?” Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa Turancina na littafi ne. Mutanen jirgin kuwa ta hanci suke magana, da sauri. Nakan kama rabi, wani lokaci ko rabin ba na kamawa, sauran in cike da abin da ya fi kama da hankali. Ban taɓa cikewa ba tare da na ce “wataƙila” ko “ina jin” ba. Sai dai a zauren da ya cika, wataƙila ba ta kaiwa sahu na biyu.

A cikin jirgin akwai wani mai gemu, mai faɗa, wanda ke gyaran injuna. Makanike muke kiransa. Wata Asabar ya fita bayan jirgi gyara, igiyar da ya ɗaura a ƙugu ta tsinke, ya yi ta nisa har ya zama ɗigo. Asabar ta zagayo, sai ga shi yana shigowa jirgin da jaka a hannu, ba gemu, yana gaishe da kowa cikin ladabi.

Wani baduku da ke zama kusa da ƙofa, mutum mai tsanani, shi ya fara magana. “Wanga ba shi na yam mutu ba makon jiya? Alhaji, matacce ka tashi cikin zaurenka muna kallo?”

Dama surukan Kawu malamai ne, sun sha yi masa magana a kan akwatin. Na ga ya miƙa hannu wajen makunni. Ban san lokacin da na ce, “Ina jin ƙanensa ne. Wataƙila ya zo ya karɓi aikin wansa.”

Kawu ya janye hannunsa. Aka ce, “Allah sarki, shi ya sa sunka yi kama.”

Tun a ranar na yi zargin abin da ya faru. Gidan talabijin ba a jere yake saka shirin ba, wanda hannu ya kai kansa shi ake sakawa, kuma abin da muka gani ranar farkon labarin ne, lokacin da mutumin ya fara shiga jirgi. Zargi ne kawai, ba ni da tabbas, da wannan na riƙa rarrashin kaina. Da ya sake bayyana da gemu bayan makonni, na ce mai yiwuwa ƙanen ne ya bar gemu don tunawa da marigayi.

Wanda maganar ta fi shiga shi ne wani dattijon tela da ke da shago a bakin layi. Shi ma wansa ne ya rasu ya bar masa keken ɗinki da 'ya'ya, ya bar noman da yake yi a ƙauye ya dawo birni ya zauna a kan keken. Bai taɓa haɗa labarinsa da na shirin a gaban mutane ba. Amma in ƙanen ya fito yakan gyara zama, in wani ya kushe shi ya ce, “Ku bar yaron ga. Ba ku san nauyin da ad bisa kainai ba.” Shekara biyu ana haka, har aka daina nuna shirin ba tare da mun ga ƙarshensa ba.

Sai Kawu ya tafi Ingila sarin kaya, ya dawo da bidiyo da talabijin mai kala, da wani kwali mai kaset takwas, kowanne da lambarsa a gefe. Zangon farko ne na 'Yan Sama, cikakke. Ranar da ya buɗe kwalin a zaure har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun zo. Ni kuwa da na ga lambobin nan a jere, na san asirina ya kusa tonuwa.

Tun kaset na farko aka fara ƙorafi, kuma ba a kan abin da nake tsoro ba. Kalar ce ta fara ɓata wa mutane rai. A tsohon akwati mai baƙi da fari, jirgin na ƙarfe ne, mai kwarjini. Yanzu kowa ya ga bangon yana rawa in an rufe ƙofa.

“Katako na,” in ji wani kafinta. “Hilawud na, wallahi. Ga kan ƙusa can.”

Baduku ya matso ya ƙura wa ɗamarar shugaban jirgin ido, wadda ya daɗe yana yabo. “Roba ta. Shekara biyu ina cewa hwata ta, ashe roba ta. Sun kai ga taurari ba su kai ga jima ba.”

Tela ma bai yi shiru ba, ya ce hammatar rigunan duk ta tattare, in yaron shagonsa ya yi wannan ɗinki sai ya farke shi. Wani ya ce kiɗan ya yi ƙara. Wani ya ce shi abin da ya fi ba shi haushi babu matar nan ta gidan talabijin da ke fitowa ta yi sallama kafin a fara, abu kawai ya faɗo wa mutane kamar ba a gidan Musulmi ba. Sannan ga wuraren da gidan talabijin ke yankewa, duk suna nan. Da shugaban jirgin ya matsa kusa da likitar jirgin fiye da kima, Kawu ya rasa maɓallin da zai danna, sai ya cire hularsa ya rufe gilashin da ita. Hular ba ta rufe komai ba. Aka yi ta salati, wasu na dariya ƙasa-ƙasa.

Duk wannan da sauƙi. A tsakiyar hayaniyar Tela ya ce, “To ni ban gane ba. Sun hwara da ƙane. Ina wan?”

Aka juyo gare ni. Na ce wataƙila a gaba za a nuna shi. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kunya, domin a lokacin na riga na sani.

Asabar huɗu muka yi muna kallo, kaset biyu-biyu. A gaban idonmu mai ladabin nan ya fara tsiro gemu, ya fara faɗa, ya zama Makanike sak. A kaset na bakwai igiya ta tsinke. Tela ya ce, “Yawwa, yanzu ƙanen ka zuwa.” Aka saka na takwas. Mutanen jirgin suka ajiye akwatin kayan aikinsa a kan kujerarsa, suka yi jimami, suka ci gaba da tafiya. Rubutu ya hau, kaset ya ƙare, babu wanda ya zo da jaka a hannu.

Ban taɓa ganin zauren ya fusata haka ba.

“An yanke shi!”

“Wagga ba ita ta ta gaske ba. Ta gasken ita munka gani da can.”

“Sun hidda yaron don sun ga shina da tarbiyya.”

Baduku ya juya ga Kawu. “Alhaji, jabu anka ba ka. Turawa sun ga baƙo da babbar riga sun ɗauko na ƙasan kanta.”

Kawu ya yi dariyar yaƙe, ya ce a babban kanti ya saya, a rufe da leda. Babu wanda ya saurare shi. Abin da ban zata ba shi ne maganar za ta bar zaure. Kafin Laraba maganar ta isa layin 'yan atamfa. Da wasa aka fara: wanda bai gane kaset na jabu ba, yaya zai gane atamfa ta jabu? Kawu mutum ne da duk kasuwancinsa a kan magana ɗaya ya tsaya, in ya ce wannan 'yar Holan ce, to ita ce, ba a ƙara dubawa. A makon nan wata dillaliya da ta shekara goma tana ɗaukar kaya a wurinsa ta tsaya tana murza bakin zane a gabansa, tana ɗaga shi ga rana. Ranar ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Ranar Alhamis da na dawo daga ofis ya kira ni, ya ajiye kwalin a gabana, ya nuna adireshin da ke bayansa. “Ɗana, rubuta masu takarda da Turanci mai kyau. Ka ce sun hidda ƙanen Makanike, su aiko da cikakke. In amsa taz zo in kai ta kasuwa kowa shi gani.”

Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna da takarda da biro. Na rubuta gaisuwa, na rubuta cewa mun sayi kayansu. Da na zo wurin da zan ambaci ƙanen, sai na ga a takarda babu inda zan saka wataƙila. Ko dai akwai shi, ko babu. Na yi tunanin in rubuta wani abu daban in ce na aika, in bar amsa ta ɓace a hanya, wasiƙu da yawa suna ɓacewa. Na yi wannan tunani fiye da yadda nake son in amsa. Abin da ya hana ni, ina jin, hoton dillaliyar nan ne tana ɗaga zane ga rana.

Ranar Asabar zaure ya cika, ba don kallo ba, don a ji takardar. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kaset ɗin Kawu cikakku ne, ba jabu ba ne. Na ce gidan talabijin ne ya riƙa saka shirin gaba a baya. Na ce Makanike ba shi da ƙane, ni na ƙirƙiro shi ranar da Kawu zai kashe akwati, kuma na ci gaba da yi masa ƙari har shekara biyu. Na so in tuna musu cewa “ina jin” na ce, sai na haɗiye, domin a ranar ko ni na ga ba hujja ba ce.

Baduku ne ya fara. “To da wane baki munka ji sauran? Abin da shugaba yac ce ma likita, shi ma kai na?”

Na ce wani ni ne, wani su ne, ba zan iya rarrabewa yanzu ba.

“Subhanallahi. Digiri guda!”

Aka yi mini ca. Wani ya ce dama ya lura Bature ya yi magana mai tsawo in fassara da kalma uku. Wani ya ce har yanzu shi bai yarda ba, rufa wa Alhaji asiri kawai nake yi, da idonsa ya ga ƙanen. Kawu ya saurare su. Da aka lafa ya ce, “Kun dai ji. Wanda yak kai waccan magana kasuwa shi kai wagga.” Sannan ya dube ni ya ce, “Ka kyauta da ka hwaɗi. Ba ka kyauta ba da ka daɗe.”

Tela bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya saka takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “To wa yak karɓi aikin?”

Na ce, “Baba, babu kowa. Haka suka ci gaba.”

Ya gyaɗa kai ya fita.

Maganar jabu ta mutu a kasuwa cikin mako biyu, wata ta maye gurbinta, ta ɗan boko mai ƙera wa Turawa 'yan'uwa. Wannan na iya ɗauka. Fassara ta koma hannun wani malamin sakandare daga unguwar Arkilla, wanda in bai ji ba yakan ce bai ji ba, a mayar da kaset baya. Mutane sun ce shirin ya rage daɗi a bakinsa, amma ba wanda ya ce in dawo gaba, ni ma ban nema ba. Na koma zama kusa da ƙofa, gefen Baduku.

Tela bai sake shiga zauren ba. Mun ci gaba da gaisawa, shi ya ɗinka mini kayan sallar shekarar, ɗinki mai kyau kamar kullum. Ranar da na je karɓa na tsaya ina juya hula a hannu, ina neman yadda zan fara ba shi haƙuri. Ya miƙo mini kayan a naɗe, ya ce in gwada a gida, in hammata ta matse in dawo da su. Sannan ya mayar da ƙafarsa kan keken.