Jar Lakar Madatsarmu

Jiya maƙwabcina ya kwaɓa laka zai yi yaɓe. Ƙamshinta ya iske ni a zaure, sai na kasa ƙarasa kunun da ke hannuna.

Kai da ba ka san ƙasarmu ba, ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, rairayi ne zalla, babu kogi. In ruwan damina ya zo da ƙarfi, kwarin gabas yake bi ya shigo gari ya ci katangu, da rani kuwa na sha ma sai an wahala. Bayan babban farin da ya kashe shanu, ina ɗan shekara goma sha huɗu, hukuma ta turo katafila da tifofi, aka tare bakin kwarin da tudun jar laka da aka ɗauko daga nesa. Damina biyu ruwa bai shiga gidan kowa ba. Har bazara mata na ɗiba, Fulani na shayar da dabbobinsu.

Kakana aka ba tsaron wurin. Kullum da hantsi yakan zaga da sandarsa yana toshe ramukan gafiya.

Amma mu ba mu da laka irin wannan. Tamu in ka yi yaɓe da ita, damina ɗaya take zubewa. Ni kuma ina son ɗakin kaina, kamar sauran samari. Sai na riƙa kai jaki bayan tudun da rana tsaka, lokacin da tsohon ke hutawa, in sara, in rufe ramin da ƙaya. Da ɗakin ya tashi, kakana ya tsaya yana shafa bangon.

"Kai ja'iri, ina ka samo jar ƙasa haka?"

Na ce wani direba ne ya zubo mini daga hanyar Maigatari.

"To, Allah ya yi albarka. Ka fi ubanka dabara."

Tsakiyar damina, bayan la'asar, madatsar ta fashe daidai inda na sara. Ruwa ya kwashe rumbuna da awaki, ya kwantar da rabin unguwarmu. Ɗakina ne kaɗai ya tsaya a gidanmu. Jama'a suka ce tsufa ne, kakana bai lura da ramin gafiya ba. Bai musa ba. A cikin ɗakin nan nawa ya yi jinya har ya rasu, ina kai masa fura, bakina a rufe.

Ba a sake gyara tudun ba. Mata suka koma jan guga a rijiya mai nisa, gidaje da yawa suka tashi. Yau akwai famfon burtsatse, in bai lalace ba, kuma kwarin na shigowa gari duk shekara yadda ya saba.

Waɗanda suka zargi kakana duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan je in wanke shi a gabansa. Bara na tara jikokina na faɗa musu komai. Sai ƙaramar ta ce, "Kaka, wace madatsa?"