Mai Gidan da Ke Bin Ɗakuna

A unguwar Bukoki ta Yamai, in ka tambayi gidan Bawa Bagobiri, sai a ce maka: "Gidan mun sani, ɗakin da yake ciki ne sai Allah." Ba sharri ake yi masa ba. Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota ya gina ɗakunan haya na laka, Bawa bai zauna wuri guda ba.

Sauran masu gidaje, in suna tsoron ranar da ɗan haya zai tashi, ɗan abu suke ajiyewa gefe. Tanadin Bawa kuwa tabarma ce da buta da tsohuwar rediyo. Ya ce ɗakin laka kamar jaki yake, in ba mai shi kusa sai ya kwanta. Gara ta shiga, rufi ya tsage, ba wanda ya gani. Don haka da an kwashe kaya, shi sai ya shigar da nasa, ya yayyafa ruwa, ya yi tari, ya yi minshari, har Allah ya kawo wani. Marigayiya Kande, matarsa, takan ce ita kaɗai ce a Yamai ke aika wa mijinta tuwo gidan haya a cikin gidansa.

Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru, don ɗaki ɗaya ne ke zama wayam. Sai zamani ya juya. Masu neman haya suka koma tambayar siminti da pampo a ƙofar ɗaki. Ɗaya ya tashi, biyu suka bi. Bawa ya shiga rabon kansa: hantsi nan, ƙailula can, ga gwiwa ta fara gardama.

Wanda ya rage shi ne Hamani, tela Bazabarme, abokin wasansa. Ran nan Hamani ya zo yana murza hula.

"Bagobiri, yara sun gama mini gini a hayin kogi."

"To, bawana, wa ya ba ka izinin ƴanci?"

"Kai ne bawa, har a suna. Ka sayar da kangon nan ka koma wurin Zulaiha. Ɗiyarka ta gaji da roƙo."

"Zauna kyauta," in ji Bawa. "Wallahi kyauta. Ƙarar kekenka kawai nake so bango ya riƙa ji."

Hamani, da bai taɓa barin Bagobiri ya yi maganar ƙarshe ba, ya dubi ƙasa. Ya tashi ran Lahadi.

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Bawa ya yi ta bin ɗakuna da kwano yana taron ɗiga, amma jiki guda ne. Wata la'asar, yana ɗakin ƙofa, na ƙurya ya rushe, ya zauna a hankali, kamar tsoho ya gaji da tsayuwa. Ɗakin Kande ne. Shi kaɗai ne bai taɓa sa wa ɗan haya ba, shi kaɗai ne kuma bai iya shiga ba tun rasuwarta.

Zulaiha ta zo da taksi. Bawa bai yi musu ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa sauran ɗakunan sallama, ɗaya bayan ɗaya, ya ce su yi haƙuri.