Peniasi da Sa Hannun Dala Tamanin

Peniasi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da ikon zaginsa, kuma na mori ikon nan shekara sittin. A Sigatoka ta ƙasar Fiji muka tashi, gonar rake ta ci ƙuruciyarmu, muka zo Ostireliya tsinkar lemo, tsufa ya same mu a Brisbane, shi yana gadin wani sito.

Labari ɗaya tak gare shi a duniya. Wai a 1981, da wata ƙungiyar zari-ruga ta zo daga Queensland wasan sada zumunta a Lautoka, can ƙasarmu, shi ya kayar da Garry Pembroke saura taku biyu ya kai layin cin maki. Pembroke ɗin nan daga baya ya zama tauraro, har a kwalin madara ana buga fuskarsa. Ba hoto, ba jarida, waɗanda suka buga tare da Peniasi kuma duk sun rasu. Ni ban je kallon ba, kuma ban taɓa fasa ce masa ƙarya yake shirgawa ba. Dariya yake yi, amma na san abin yana cinsa. So yake a samu mutum ɗaya da zai ce e, an yi haka.

Bara aka sanar Pembroke zai zauna a wani zauren taro yana sa hannu, dala tamanin kowane. Na ce masa ya sayi gwaza da naman rago da kuɗin mana, gotai-gotai da shi zai biya wani ƙato ya yi masa jagwalgwalo da alƙalami? Ya ce ba rubutun yake so ba, sakan talatin ɗin da ake ba mutum a gaban tebur zai saya. Ya ɗaura zanensa na zuwa coci irin na mazan ƙasarmu, ya naɗe saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a taron girmamawa, a takarda, don mu ba ma zuwa gaban babba hannu rabbana. Na bi shi ne kawai don in samu abin tsokana.

Layi har waje. Kowa da rigarsa ko ƙwallonsa, a tsaye yake miƙawa, a sa hannu, a kira na gaba. Pembroke ya yi furfura fat, 'yarsa na gefensa tana karɓar kaya tana yi wa mutane godiya a madadinsa. Da aka zo kan Peniasi sai ya yi abin da aka koya mana tun muna yara, ba a tsayawa a kan babba yana zaune. Ya zube ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya tafa sau uku, ya miƙa saiwar. Mai tsaro ya yunƙuro, 'yar ta ɗaga masa hannu. Ni ma dole na durƙusa, gwiwata tana ƙara.

Daga ƙasan nan muka ga abin da na tsaye ba sa gani. A kan cinyar Pembroke akwai ɗan kwali da aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Kafin ya sa hannu sai ya saci kallonsa ya kwafa. Shekarun gware da kai a fili sun kwashe masa komai, har sunansa.

Peniasi ma ya gani. Duk da haka ya ce daga Fiji yake, sun taɓa karawa a Lautoka. Pembroke ya sunkuyo, fuskarsa ta washe.

"Na buga a can?" ya tambaya. "Na yi ƙoƙari kuwa?"

Na zuba wa taubashina ido. Ga mutumin da ya jira shekara arba'in, ga jama'a sun yi tsit suna saurare.

"Ranka ya daɗe," in ji Peniasi, "mu goma sha biyar ne, aka rasa wanda ya iya taɓa ka."

Pembroke ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya yana tambayar 'yarsa ko ta ji. Ita dai tana ta goge ido.

A jirgin ƙasa muna komawa ya ɗora hoton da Pembroke ya sa masa hannu a gwiwa, bai ko dube shi ba. Raina ya ɓaci, tausayinsa ya hana ni tsokana. Can na daure na tambaye shi ko kuɗinsa ya biya. Ya ce ya ji baɗi ma za a sake zaman.

"Zan koma," ya ce. "Kafin su isa gida ya manta na gaya masa."