Ɗumin Ƙafafun Inna

Ragon da Inna take kiwo ne ya tunkuye ta a bakin turke, ta faɗi zaune, ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, kuma a garinmu Dakoro ba mai iya buɗe mutum ya gyara ƙashi. Maɗori ya shafa kwatangwalon, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Sai muka shimfiɗa ta bisa buhunan wake a bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka nufi Maraɗi, ni da wana.

Bazara ce, irin wadda ko akuya ba ta barin inuwa. Kafin mu tashi, ma'aikacin ɗakin shan magani na garinmu ya ja mini kunne cewa in jikinta ya yi zafi in riƙa shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Na riƙe wannan da kyau, don ni in aka ba ni magana ɗaya ba na sakinta.

A asibiti lokotoro, likita ke nan, ya yi mata aikin, ya sa ƙarfe. Da aka turo ta waje na taɓa hannunta, sai na ji kamar na taɓa randa. Haƙoranta na kaɗuwa, mu kuwa gumi har cikin ido. Wata anfirme, mai jinyar ɗakin, ta ce a rufe ta da duk abin da muke da shi, wai mutumin da aka buɗe zafinsa zurarewa yake, kuma sanyi na hana jini tsayawa da rauni haɗewa. Wana ya cire rigarsa, ni na kwance mayafi.

Washegari wata anfirmen ta sa mata ɗan gilashin awon zafi, ta duba, ta yaye komai, ta yi mini faɗa wai zan dafa tsohuwa. Da la'asar ta farkon ta dawo, ta tarar na ɗora wa Inna jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ita ma ta yi nata faɗan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce su shirya tsakaninsu su ba ni magana ɗaya, zafin ake so ko sanyin? Ta ce duka biyun ba a so. Har yau ban san yadda ake yin wannan da hannu biyu da zane ɗaya ba.

Inna kanta ta ruɗe. Ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, ta ce in je in kwance ragon kada rana ta kashe shi, alhali leɓɓanta sun yi toka don sanyi. Daga nan jikin ya ƙi ɗumama ko kaɗan. Aka kawo kwalabe cike da ruwan zafi, muka naɗe su da tsumma muka jera mata. Na zauna ina murza ƙafafunta, har na ji sun fara ɗaukar ɗumi. Daɗi ya kama ni, na aika wana ya nemo mata kunu.

Anfirmen nan ta farko ta zo wucewa, sai ta tsaya. Ta riƙe wuyan hannun Inna ta daɗe, sannan ta ja mayafina ta rufe mata fuska.

Na ce, "Mi kike yi haka? Taɓa ki ji, ta yi ɗumi."

Ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Kwalaben ne."

Ban saki ƙafafun ba har wana ya shigo da ƙwaryar kunun.