Mutumin da Ya Cire Hannu Daga Rimot

An ce wai wani jirgi ya ƙwace wa matuƙinsa, ya yaye rufin tashar mota, ya tafi da kwandasta biyu. Ƙarya ce, ni na ƙirƙiro ta. Jirgin bai fi faranti ba, irin mai ɗaukar hoton nan ne, ga mai shi can a filin bayan tasha.

Dogo ne, rigarsa fara ƙal, ko karin guga bai baje ba. Ina jin irin mutanen nan ne da tuntuɓe ma sai ya nemi izini kafin ya same su. Taubashiyata, wadda ba ta kallona sai in za ta ce kaina kamar tulu, ta saki baki tana kallonsa.

Sai iska ta kwashi jirgin, yana tangaɗi, ya nufi wayoyin lantarki. Raina fes! Da ni ne, da tuni na murɗe rimot ɗin ina ihu. Shi kuwa ya ɗage manyan yatsunsa biyu daga kan rimot ɗin, ya tsaya kamar mai jiran shayi. Jirgin ya ja birki a sama yana ƙugi, saura taku ɗaya ya taɓa waya.

Na ce, "Yallaɓai, tsoro ne ya sandarar da yatsun? Kawo in taimaka."

Ko juyowa bai yi ba. "Jirgin nan in ya rikice, cire masa hannu ake yi ya tsaya cak. Bakinka ne ban ga inda ake tsayar da shi ba."