Kunnen Dama na Don Eladio

A garin Yauco, in aka ce Doña Herminia Quiñones ce ta zaɓi abu, ba a sake dubawa. Rabin rayuwarta a kan keken ɗinki ta yi shi, a masana'antar da ke ɗinka kayan sojoji, inda ta saba juya wando ta duba cikinsa kafin ta yarda da fuskarsa. Masana'antar ta rufe tuntuni, amma halin ya zauna. Kifi a kasuwa, takalmi a kanti, har saurayin da 'yarta ta kawo gida kafin su tare a Orlando, duk sai da ta juya su ta duba ɗinkin ciki.

Abu ɗaya ne ta ɗauka ba ta juya ba, shi ne mijinta. Eladio Pagán direban motar haya ne tsakanin Yauco da Ponce. Tana budurwa takan shiga motarsa da sassafe, ta zauna a kujerar gaba a damansa, ta fara zuba tun daga tasha har ƙofar masana'anta, shi kuwa ya riƙe sitiyari yana murmushi. Wata rana da ta zo sauka ya ƙi karɓar kuɗin mota, shi ke nan magana ta ƙare a coci. Tun daga ranar kuwa a damansa take, a mota, a kan tebur, a bencin coci, har gado.

Da suka kai shekarun da gwamnati ke ba tsofaffi katin lafiya, ita ta zauna ta gane kan abin, don Eladio in ya ga takarda barci ke ɗaukarsa. Hanya biyu ce. Ko ka zauna da katin gwamnati tsurarsa, ka ga duk likitan da ke karɓarsa, amma wani kaso na kuɗin daga aljihunka, kuma babu ruwansa da haƙori ko tabarau ko kunne. Ko ka miƙa katinka ga wani kamfani, gwamnati ta riƙa biyansa ya kula da kai, ya ƙara maka da 'yan abubuwa, amma likitocin da ke cikin jerinsa kawai za ka gani. Miji da katinsa, mata da nata. Daga tsakiyar Oktoba zuwa bakwai ga Disamba kowa na iya sauya sheƙa, kuma zaɓin ƙarshe shi ke aiki in Janairu ta kama.

Wannan tsakanin shi ne lokacin da tsoho ke zama ɗan gata a garin nan. Mutumin da ya shekara ba wanda ya tambayi tarinsa, sai ka ga ana jawo masa kujera a dandalin gaban coci, ana kiɗa, ana miƙo masa gahawa mai zafi. Rumfa nan, rumfa can. Mu dai ba ma wahalar riƙe sunayen kamfanonin, da kyautarsu muke kiransu: masu laima, masu hula, masu jaka. Doña Herminia takan bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sha gahawarsu, ta karɓi kyautarsu ba kunya, sannan ta yi tambayarta guda.

"Likita Irizarry tana cikinku?"

In aka fara lissafa mata katin sayen abinci da motar kai mutum asibiti, sai ta ɗaga hannu. "'Yata, ban tambaye ki abin da ke cikin miya ba. Tana ciki ko ba ta ciki?"

Dalili kuwa ƙafar Eladio ce. Ciwon suga ya ci masa ƙaramin yatsa na hagu, har an fara maganar yanke ƙafar daga idon sawu. Likita Irizarry ce ta tsaya a kai wata da watanni har gyambon ya rufe. Kuma duk duniya ita kaɗai yake jin tsoro. In Herminia ta hana shi zaƙi, a ɓoye yake sha. In likitar ta zare masa ido, sai ya yi wata guda yana shan gahawa salam. Herminia ta sani sarai, ranar da aka raba shi da matar nan, ƙafar ta tafi. Shi ya sa shekara da shekaru suna wajen masu jaka, ba ta motsa ba.

To, bana, ana saura 'yan kwanaki a rufe, ta buɗe bayan mota za ta ɗauko ganyen ayaba na girkin Kirsimeti, sai ga sabuwar laima ruwan ɗorawa an cusa ta ƙarƙashin taya. Laima ba laifi ba ce, ita kanta tana da irinta biyu a bayan ƙofa. Ɓoyewar ce ta tsaya mata a rai. Ta same shi a baranda yana jera ƙwayoyin wasan domino shi kaɗai.

"Tsoho! Wannan fa?"

Ya dubi laimar, ya dubi silin.

"Da kai nake! Ka sa musu hannu?"

"Na sa."

"Ka sa! Kai, Eladio, Allah ya shirye ka. Ƙafa guda ka sayar a kan laima? Ko za ka riƙe ta ne kana ɗingishi? Masu laima ba su da Irizarry, bara ma ba su da ita!"

"Na sani," in ji shi, ya ci gaba da jera ƙwayoyinsa.

Wannan "na sani" ita ta fi ƙona mata rai. Ta koma kicin tana yanka ganye kamar shi ya yi mata laifin. Herminia tana da wata ɗabi'a: in ta gama faɗa da ƙarfi, sai ta juya baya ta ƙarasa sauran a hankali, ƙasa-ƙasa, tana fuskantar tukunya. Abin da ba za ta iya faɗa masa ido da ido ba, a nan take faɗa. Ranar ma ta faɗa, shi kuwa bai ko juyo ba. Ta daɗe da yanke hukunci cewa kunnen mijinta kunnen zaɓe ne, yana jin kiran abinci, ba ya jin aike.

Washegari ta sa shi gaba har dandali. Yarinyar da ke rumfar masu laima, Yadira, ta miƙe da fara'a ta jawo kujeru biyu. Herminia ba ta zauna ba.

"Ke ce kika yaudari tsohon nan?"

"Haba, Doña. Ni na gaya masa likitarsa ba ta cikinmu. Da na ga yana gyaɗa kai kawai, sai na rubuta masa da manyan baƙaƙe, ya karanta a gabana. Na ce ya je ya yi shawara da ke, ya tafi, ya dawo, ya ce a rubuta."

"To me kika nuna masa da ya fi ƙafarsa?"

Yadira ta dubi Eladio, ta matsa dab da shi ta ɗaga murya. "Don Eladio, in gaya mata?"

Ya cire hularsa yana murza bakinta. Ya ce a'a, shi zai faɗa wa Herminia, wadda yake kira Minia. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda wurin ke bukata, har masu rumfar kusa suka waiwayo.

"Suna ba da na'urar kunne, Minia. Guda biyu. Namu ba ya bayarwa."

"Na'urar kunne? Kai da kake jin ƙarar cokali daga tasha?"

"Ƙamshi nake ji, ba cokali ba." Wani tsoho da ke jiran layi ya tuntsire da dariya, Eladio bai yi ba. "A wajen domino in na ga sun yi dariya sai in yi. Jikarmu ta kira daga Orlando, in ce mata madalla, ban san me na yi wa madalla ba. Wannan duk da sauƙi. Ke ce. Ina ganin bakinki yana motsi a kan tukunya, na san magana kike, ba ta isowa. Faɗan kawai ke isowa gare ni, Minia. Ni kuwa ba faɗan na aura ba."

Sai a lokacin Doña Herminia ta zauna a kujerar da aka jawo mata. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a gaban mutane, kuma tausayinsa ya fi kunyar ciwo. Ta tuna ya taɓa kawo maganar kunnen, shekarun baya, ita kuma ta kashe ta da wasa tana kwashe kwanuka. Ita da ke juya kifi ta duba, mutumin da take kwana a gefensa ba ta duba ba.

Amma Herminia ba macen da za ta daɗe a zaune ba ce. Ta share idonta da bayan hannu, ta shanye gahawar Yadira, ta ce, "'Yata, ki yafe ni, bakina ya riga ni. Amma ƙafar nan ba zan bar miki ita ba." Ta kama hannun mijinta, ta ɗaga murya. "Tashi, tsoho. Da tambaya ɗaya nake yawo, yau ta zama biyu."

Suka bi rumfunan. Nasu na da, masu jaka, suna da likita, babu kunne. Wasu baƙi da suka zo daga San Juan suna da kunne har da tabarau, amma ba su taɓa jin sunan Irizarry ba. A rumfar ƙarshe, ta masu hula, wani mutum mai furfura a gemu ya duba ya ce likitar tana ciki, kuma suna taimakawa da na'ura, sai dai abin da suke bayarwa kunne ɗaya zai ɗauka. Katin sayen abinci kuma, wanda Eladio ke samu a wajen masu jaka, su ba su da shi.

"Kunne ɗaya," ta maimaita. "To ɗayan fa, a jingine shi?"

"Doña, abin da ke akwai ke nan. Ba zan ƙara miki gishiri ba."

Amsar ta yi mata, amma ba ta bari an rubuta ba tukuna. Rumfa ta kwana kaɗan ce, ofishin likita shi ne na kullum. Suka gangara can, ta tambayi matar da ke karɓar kati ko za su ci gaba da karɓar na masu hula in shekara ta juya. Matar ta ce za su karɓa. Likita Irizarry ta fito rakiyar wani, ta ji zancen, ta tsaya a gaban Eladio ta riƙe ƙugu.

"Au, guduwa za ka yi ka bar ni? Cire takalmin in gani, tunda ka kawo kanka."

Ya cire ba musu. Da yamma suka koma dandali ya sa hannu a wajen masu hula, wannan ya shafe na masu laima. Laimar dai Herminia ta ce ba za a mayar ba. Katin abincin da ya tafi kuwa, ta ce shinkafa da wake ba su taɓa gagarar gidanta ba. Ta yaye zanen da ke kan tsohon keken ɗinkinta, ta aika wa maƙwabta cewa mai kayan makaranta ko rigar biki da ke son gyara ya kawo.

A Fabrairu aka kira su Ponce. Mai gwajin kunne, wani saurayi mai tabarau, ya sa wa Eladio abin sauraro ya yi ta danne-danne, sannan ya ce duka biyun sun yi nauyi, na hagun ya ɗan fi, mai yiwuwa iskar taga ce ta shekarun tuƙi. Kowanne aka sa wa zai amfana. Ya tambaya wanne yake so.

Herminia ta buɗe baki za ta amsa masa, kamar yadda ta saba amsa masa a ko'ina, sai ta rufe.

"Na dama," in ji Eladio.

"Ba na hagun ba, Don Eladio?"

"Hagu taga ce, ɗana. Na gama da taga. A dama take zama."

Da na'urar ta iso suka koma aka saƙala masa, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake. A hanyar dawowa shi ke tuƙi, a hankali, yana ta mamakin ƙarar sigina da ya ce ya ɗauka ta lalace tun tuni. Herminia ta yi masa faɗan ramin da ya faɗa, ya ɗan runtse ido ya ce ta rage, yanzu abin har cikin ƙwaƙwalwa. Ta yi tsaki ta juya wajen tagarta. Sun wuce garin Guayanilla, duwatsun Yauco sun fara bayyana, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa, ta manta da ƙwayar waken da ke kunnensa.

"Tsohon kawai," ta ce ƙasa-ƙasa, tana kallon gonaki. "Har ƙafa za ka bayar saboda surutuna. Ka kuskura ka riga ni tafiya ka gani. Wa zan zauna a gefensa?"

"Ba inda za ni," in ji Eladio.

Ta daskare. Zafi ya hau mata fuska kamar yarinyar da aka kama tana leƙe.

"Dama irin abin da kike gaya wa tukunya ke nan?" ya tambaya.

"Dubi hanya, malam."

"Ina dubawa." Ya sassauta gudu, ya ɗan karkato kansa dama. "Ci gaba, Minia. A hankali, kamar yadda kika fara. Da sauran tafiya kafin gida."