Ba a Wuce Yaya Kulu a Hanya

Damina bakwai ke nan da rasuwar yayata Kulu, Allah ya jiƙanta. Ta rasu shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da aka hana mu mata hawa kabu-kabu, muka koma zuwa suna da ta'aziyya da ƙafa in motar mata ba ta samu ba.

A garinmu Banga mun tashi da sanin cewa ba a wuce babba a hanya. In mata suka fita, babba ke gaba, sauran na biye. Kulu ce babbarmu. Da can sai mun haɗa da sassarfa muke cim mata, don mace ce mai kai daddawa kasuwar Ƙaura ta dawo rana ba ta yi sanyi ba.

Sai tafiyarta ta fara ja baya, mu kuma muka rage namu takun. Mu isa gidan suna an gama rabon tuwo, mu ɗora wa zafin rana laifi. Ni da ake tsoron idona, na ga tana jan ƙafa, na ga tana yawan tsayawa wai gyaran mayafi. Na ɗauka shiru shi ne ladabi. Dukanmu haka muka ɗauka.

Ɗanta Sani, direba ne a Shinkafi, ya zo ya tambaye ni ko lokaci ya yi da zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Shi kullum a kan tabarma yake iske ta, murya garau. Na ce masa har gobe ita ke gabanmu duk inda za mu. Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne ke ci na. Ya koma hankali kwance. Kafin lokacin kaka, Kulu ta faɗi bakin rijiya, ƙugu ya karye, ba ta ƙara tashi ba.

Yau ana ɗaukar tsoho a mota daga ƙofa zuwa ƙofa, ba mai ganin takunsa. Da Kulu na nan, da ta ce an samu sauƙi. Ni ina ganin an ƙara rufe mana ido ne.

Yanzu ni ke gaba. Kwanan baya za mu ta'aziyya, sai na ji na baya suna hira da dariya, ni ko numfashi nake nema. Na tsaya, na kira Hajo, matar ƙanena.

"Wuce gaba, ki yi tahiyarki ta gaskiya in gani."

"Haba Yaya, wa ni?"

"Na ce ki wuce."

Ta wuce. Ban kai tsamiyar bakin gari ba ta ɓace mini.

Daddawar Kulu ta ƙare, ɗakinta ya zama na ajiyar gero. Abin da ya rage mini nata shi ne darasi: ran nan ban jira a tambaye ni ba. Na aika wa ɗana a Ƙaura ya share mini ɗaki in koma wurinsa.